Yadda Za Ku Riƙe Karatu da Lafiyar Yaran Unguwa Ba Tare da Kun Yar da Su a Hanya Ba

Ni tela ne. Shagona yana Kurna a cikin Kano, kuma a bakinsa 'yan majalisarmu ke zama bayan la'asar. Mu 14 ne: malamin firamare, direbobin a-daidaita-sahu biyu, mai kemis, ɗan kasuwar yadi ta Kwari, ma'aikacin ƙaramar hukuma, sauran kuwa 'yan buga-buga. Ni aka ba ma'aji, don ni ne ba na zuwa ko'ina. Duk mai nemana ya san inda keke yake.

Wata shekara da azumi muka yi karo-karo muka ɗinka wa marayu 40 kayan sallah. Na yi kwanaki ban rintsa ba. Aka raba, aka yi hotuna, aka sa mana albarka, kowa ya tafi gida yana jin ya yi abin kai. Bayan an koma makaranta, wata rana da hantsi ina hanyar Kwari sai na hangi yaro a danja yana tallan fiya-wata, sanye da shaddar da ta fito daga hannuna. Tela ba ya ɓata ɗinkinsa. Na yafito shi na ce, "Kai, yau ba makaranta?" Ya ce, "Baba, yunifom ɗina ya yage, an ce kada in ƙara zuwa da kayan gida." Kuɗin shaddar jikinsa da aikin wuyanta sun isa yunifom biyu har da takalmi.

Daga ranar muka sauya akala. Maraicin yaro ba ya ƙarewa da ganin watan Shawwal, amma mu masu taimako a nan muke tsayawa. Abin da zan faɗa a nan, mun koye shi ne da asarar kuɗinmu, wani ma da jin kunya.

Kafin ku ɗauki yaro ko ɗaya, ku tara kuɗi wata uku ba tare da kun taɓa sisi ba. Ranar da aka kawo shawara kowa zai ce zai bayar. Wata na biyu wani zai ce an yi masa haihuwa, wata na uku wani zai daina zuwa majalisar gaba ɗaya. Waɗanda suka rage bayan wata ukun, da abin da suka ajiye a faifai, shi ne ƙarfinku na gaskiya, a kansa za ku yi lissafi. Kada ku sa alƙawarin ɗan siyasa a ciki, ko na Alhajin da ya ce "ku zo ku same ni a ofis". In ya zo, ya zama gyara.

Mu ba mu yi haka ba. Da zafinmu muka rubuta yara 23. Kafin zango na biyu ya ƙare asusu ya koma wayam, dole muka zauna muna zaɓen wa za a sauke. Ban taɓa yin aiki mai ɗaci kamar zuwa gaban wata gwaggo in ce mata ba za mu iya ci gaba da jikarta ba. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ba komai ɗan nan, Allah ya ba da ladan niyya." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu yara 9 muke riƙe da su, kuma ba a ƙara wani sai wani ya fita. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yadi da littafin rubutu da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi, ƙarancin yawan nan ne ya cece mu.

Wajen zaɓe, ku tambayi mata. Namiji ya san wanda ke zuwa masallaci da yagaggiyar riga, amma mace ce ta san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da gidan da ake dafa ruwa kawai don maƙwabta su ga hayaƙi. Matata da matan biyu daga cikinmu su ne idonmu. Bayan su sai mai unguwa da liman, don kada gobe a ce wasu sun shigo suna rubuta sunayen yara ba da sanin kowa ba. Kada kuma ku ɗaure kanku da kalmar maraya. Akwai marayan da aka bar wa gida da gona, akwai kuma yaron da ubansa ke da rai amma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara uku, akwai wanda aka saki uwarsa uban ya shafa wa idonsa toka. Dokarmu ɗaya ce a nan: wanda ya kawo sunan ɗan'uwansa, zai tashi ya ba mu wuri har a gama magana.

In an tsayar da yaro, sai a je gida a zauna da wadda ke riƙe da shi, a kuma nemi wani babba daga dangin uba ko da ba ya tsinana komai. In kuka tsallake shi, ranar da yaron ya fara zama mutum zai bayyana ya ce wa ya ba ku izini. Ba ma shiga da "mun zo taimaka muku". Abin da nake faɗa shi ne, "Inna, alfarma muka zo nema, ki bar mu mu taya ki karatun yaron nan." Sai a faɗa mata dalla-dalla abin da za a yi da wanda ba za a yi ba: za mu yi yunifom da littattafai da magani, ba za mu biya kuɗin haya ba, ba za mu yi kayan ɗaki ba. Abin da ba a faɗa ba tun farko, shi ke zama rigima daga baya.

Yanzu lafiya, kuma a nan zan daɗe, don ita ce ta taɓa durƙusar da mu.

Akwai yarinya a cikin namu da kullum ake cewa tana da ciwon sanyi, in hunturu ya shigo sai ta kwana tana kukan ƙafa da hannu. Wani dare jikinta ya rikice, aka kwantar da ita, aka ce sai an ƙara jini, a nan muka ji cewa sikila ce. A mako guda kuɗin littattafan yara duka ya tafi a kanta. Ba wanda ya yi da-na-sanin kashewa, amma sauran suka shiga zango ba biro. Tun daga nan asusunmu biyu ne. Kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo na lafiya ne, ba a ranta daga cikinsa ko da wata shida aka yi ba wanda ya yi ko mura. Damina na zuwa.

Duk yaron da muka ɗauka, makon farko asibitin unguwa ake kai shi ko da lafiyarsa ƙalau. A yi masa gwajin ƙwayar jini a san AA ne, AS ne ko SS (wato sikila), a rubuta rukunin jininsa, a duba ido da kunne, a ba shi maganin tsutsar ciki. A tambaye shi a keɓe ko yana ganin jini a fitsari, don yaran da ke wanka a kududdufi tsargiya na kama su, kuma ba sa faɗa. A duba kai saboda makero, a duba tsakanin yatsu saboda ƙazwa. Ido kuwa kada ku raina shi. Muna da yaron da aka yi wa tambarin daƙiƙi har aji huɗu, ashe allo ne ba ya gani daga bayan aji. Tabarau ne kawai matsalarsa.

Mu ma 'yan majalisa mun je an gwada rukunin jininmu, na rubuta a bangon littafin asusu. In an ce a kawo mai ba da jini da tsakar dare, uwar da ba ta da kowa ba ta da inda za ta nufa. Direbobinmu biyu kuwa sun ɗauki alƙawarin ba sa kashe waya da dare. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi wani kuɗin amfani.

Ku nemi ganin katin riga-kafi, har na ƙannen yaron. Za ku ce ina ruwanku da ƙanne. To, duk ranar da aka kwantar da ƙaramin, uwa tana asibiti, yarinyarku ce za ta zauna tsaron gida da raino, makaranta ta sha ruwa. Allurar jarirai kyauta ce a asibitin gwamnati: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a koma ta ƙyanda karo na biyu a wata 15. Wanda ya ga yadda mashaƙo ta yi ɓarna a Kano a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba, akasarin yaran da ta kama ba su cika allurarsu ba. In katin ya ɓata ko an tsallake wata, a je a faɗa wa ma'aikaciyar gaskiya, ita ta san inda za ta ɗora. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai riga-kafin sankarar bakin mahaifa da aka fara a Najeriya a 2023, ita ma kyauta, amma da yardar uwa za a kai yarinya.

Daga Yuli zuwa Oktoba akwai masu bi gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Sau ɗaya ne a wata, ana sha kwana uku a jere. Na ranar farko a gabansu ake ba yaro, na sauran kwana biyun a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake sakaci. Matanmu kan leƙa su tuna. Gidan sauro kuma ku je ku ga an ɗaura shi da idonku, na sha ganin wanda aka raba ya koma shingen kaji. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin magani. Mai kemis ɗinmu da kansa yake korar iyayen yaranmu zuwa asibiti, ya ce shi ba zai haɗa wa yaro ƙwayoyi a leda da ka ba. Gudawa kuwa, kowane gida mun ajiye masa garin ORS, wato na haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc. In yaro ya kasa sha, ko yana suma, ko numfashi ya yi sama, ba a jiran taron majalisa, a wuce asibiti a kira ni daga can. Na yara irin Hasiya Bayero don haka aka yi shi.

Ni da na ƙare rayuwata da tef a wuya, ban san tef na gano yunwa ba sai da wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mini nasu. Ɗan siriri ne mai launi uku, ana zagaya shi a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti kai-tsaye. Haka in ƙafafu biyu sun kumbura. A can ake ba da abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, kyauta, kuma magani ne na yaro ɗaya, ba na rabawa 'yan'uwa su lasa ba. Ga wanda bai kai can ba, ita ta koya wa matanmu haɗin garin kunu: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Gero da kaka muke saye a Dawanau lokacin da yake da sauƙi.

Ku kuma tambayi shugaban asibitin unguwarku maganar rajistar marasa ƙarfi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma a Kano hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, ke sa mutane a tsarin. Ba kullum ake samun gurbi ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi, kuma takardun yaro su kasance a shirye.

Makaranta. A doka, tun 2004 karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole a Najeriya, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, Kano ma ta yi nata shelar ilimi kyauta a 2019. Abin da ke korar ɗan talaka ƙananan abubuwa ne: yunifom, takalmi, jaka, littafin rubutu, kuɗin tara, da kuɗin mota in sakandaren ta yi nisa. Saboda haka makarantar gwamnati muke kai namu, mu toshe waɗannan ramukan. Mun taɓa sa biyu a makarantar kuɗi don a ce mun yi bajinta. Kuɗin zangonsu ya isa riƙe biyar, kuma da aka ƙara kuɗi muka ciro su, suka koma inda suka baro da kunya a fuska.

Sai dai kada ku ga yaro na fita da yunifom kullum ku ɗauka karatu yake. Malamin firamaren cikinmu ya ɗauko littafin Hausa na aji biyu ya miƙa wa yaranmu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan aji biyar biyu suka kasa haɗa baƙi. Aji mai cunkoso, malami ɗaya, wanda ya zauna a baya sai dai ya bi amo. Yanzu wata ɗalibar kwalejin ilimi a unguwar tana zama da su a zaure yamma uku a mako, karatu da lissafi kawai, muna ba ta ɗan abin sabulu. A duk abin da muke kashewa, ban ga wanda ya kai wannan riba ba. Sau ɗaya a wata kuma wani daga cikinmu zai faɗa makarantar ba sanarwa, ya gaida hedimasta, ya roƙi ganin rajistar aji. Yaron da ya san ana zuwa dubawa, da malamin da ya san yaron nan yana da masu bibiya, duk sukan sauya.

Takardu tun da wuri: shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, sannan lambar NIN, don ba a rajistar JAMB sai da ita. Ku zaɓi rubutun suna guda da ranar haihuwa guda ku tsaya a kai. Yaro ya zama Muhammad a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, ranar gyara sai kun yi sintiri kamar masu neman aure.

Wurare biyu ne yaro ke zamewa: daga aji shida zuwa JSS1, da daga JSS3 zuwa SS1. A nan ake cewa namiji ya isa bin mota, mace ta isa aure. Ku riga kowa zuwa gidan da maganar tun zango na biyu. Mai ƙoƙari a saya masa fom ɗin makarantun kimiyya irin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a kuma shirya shi wa jarrabawar kwalifayin ta SS2, wadda gwamnatin jiha ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin NECO. Wanda kansa bai ɗauki boko ba kada a matsa har ya gudu, ya gama JSS3 a haɗa shi da mai sana'a. Yaron fiya-watan nan yanzu shi ke kan keke na biyu a shagona, da safe makaranta, da yamma ɗinki.

Maganar 'ya mace mata za ku bar wa. Namiji ba ya shiga gida shi kaɗai, ba ya kiran yarinya shago ita kaɗai, ko awo zan yi sai da babbar mace a tsaye. Audugar mata tana cikin lissafinmu kamar littafi, don rashinta na sa yarinya fashin kwana uku ko huɗu duk wata ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba. Kuma in kun cire yarinya daga talla, ku sani kun cire cefanen gidan ne. In ba ku mayar da gurbinsa ba, da kanta za ta koma. Wata uwa muka ba jarin waken suya da mai ta fara awara a ƙofar gida, muka kuma ce yaranmu na layin su riƙa karyawa a wurinta, mu biya duk Juma'a. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu: ita ta samu ciniki tabbatacce, su kuma ba mai zuwa aji da cikin jiya.

Kuɗi ba ma damƙa wa kowa a hannu. Mu sayo, mu biya, mu karɓi rasit. Mun taɓa ba wani kawu kuɗin jarrabawa, ranar rufe rajista muka ji bai biya ba. Da muka je, masara ya auno da shi. Na kasa ce masa ɓarawo, gidan ba abinci, amma yaron ya rasa shekara. Tsakaninmu kuma, mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, duk rasit ana ɗaukar hotonsa a tura zauren WhatsApp, ƙarshen wata in karanta shiga da fita a gaban kowa ko ba wanda ya tambaya. Zakka daban muke rubuta ta, don masu cin ta kashi takwas ne kamar yadda ya zo a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma liman muke tambaya kafin a taɓa. In abin ya girma har baƙi sun fara turo kuɗi, ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kada kuɗin marayu ya kwana a asusun mutum ɗaya. Mutuwa ba ta sallama, magada kuma ba su san wanne ne nasu ba.

Hoto mun daina. Wanda ya turo daga Abuja ko Saudiyya yana son shaida, muna tura masa rasit da sakamakon jarrabawa a rufe sunan. Yaran nan za su girma su nemi aure a unguwar nan, intanet kuma ba ta mantuwa. Ba a kiran su "marayunmu" a gaban mutane, ba a tara su a layi a raba musu kaya. Yunifom a shago suke zuwa karɓa a leda kamar kowane mai ɗinki, har nakan yi musu ƙaryar tela in ce su dawo gobe.

Tunda an zo kan yunifom, a nan dai ba mai gaya mini. A watan Agusta za ku shiga Kwari, kafin iyaye su yi wa kasuwar tsinke a Satumba. Ku sayi bandir guda maimakon yadi-yadi, mai kauri wanda zai jure wanki da sabulun wanki da ranar Kano. Kowane yaro kala biyu, don mai kala ɗaya duk ranar da aka yi ruwa bai bushe ba, fashi ne. Mata hijabi biyu. A ninka ɗinki a gwiwa da hammata da bakin aljihu, a sa wa wando zariya maimakon roba. Sannan ku ce wa telanku ya bar kalmasa mai faɗin yatsa huɗu a ƙafar wando da hannun riga, ya kuma ajiye muku ragowar ƙyallen. Yaron aji huɗu kafin shekara ta zagayo ya ƙara tsawo, sai a warware kalmasar a sake ta, wandon ya kai shi aji biyar.